Shigo da tsohuwar Marsandi mai buɗaɗɗen rufi zuwa Katsina: daga neman mota har miƙa makulli

Mai neman irin wannan mota yawanci babban mutum ne da ya ga irinta yana yaro, ko yake son abin da zai fito da shi ranar ɗaurin auren 'yarsa, ko ya zaga gari da yamma bayan hawan Sallah, rufi a naɗe. Idan kai dillalin mota ne ya ɗora maka aikin nemo ta, abin da ka iya a harkar 'yan Kwatano da Beljiyam zai taimake ka, amma kaɗan. A can sabunta da arha ake bi. A nan kuwa motar ta haura shekara 35, kuma kuskure ɗaya a takarda ko a ƙarƙashin bodi yana iya cinye kuɗin da ya kai na motar kanta. Saboda haka jerin aikin yana da muhimmanci: doka tukuna, sannan zaɓen mota, sannan dubawa. Ciniki ne na ƙarshe.

Kafin ka kalli hoton mota ko ɗaya

Abubuwa uku ne ke kashe wannan ciniki tun daga tushe.

Na farko shekaru. A jerin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya akwai motocin hannu da suka wuce wa'adin shekaru daga shekarar ƙira. A da wa'adin shekara 15 ne, daga baya aka mayar da shi 12. Duk motar da za a kira ta tarihi ta wuce wannan nesa ba kusa ba. Don haka aikinka na farko shi ne ka samu ejan fito mai lasisi, ku rubuta wa Hukumar Kwastan takarda mai ɗauke da sunan motar, shekararta, lambar shasi idan an riga an samu, da bayanin cewa ta ajiya ce ba ta haya ko kasuwanci ba, ku nemi amsa a rubuce kan ko za a bari ta shigo da kuma rukunin da za a saka ta. Tun 2024 hukumar tana da tsarin bayar da hukunci tun kafin kaya su taso, kuma irin wannan lamari ne ya dace da shi. Maganar baki ta wani jami'i ba ta fitar da kwantena. Idan ejan ya ce maka "bar mini, za mu rubuta ta a matsayin ƙirar 2014", ka canza ejan. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma a lambar shasi yana faɗin shekara: G 1986, H 1987, J 1988, K 1989. Ƙarya a takardar fito dalili ce ta ƙwace motar gaba ɗaya. Idan amsar hukuma ta zo da a'a, sai a juya a nemi wadda ta riga ta shigo ƙasar da takardunta, domin akwai irinsu a ajiye a garejin manyan gidaje a Kano da Kaduna da Legas tun zamanin bunƙasar man fetur.

Na biyu sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma mota mai sitiyari a dama ba a yarda a shigo da ita ko a yi mata rajista ba. Wannan ya fitar da yawancin motocin Ingila, Ostareliya da Afirka ta Kudu. Kada a yarda da shawarar a sayo a juya sitiyarin a gareji. Juyin yana lalata darajar motar, kuma yana taɓa birki da wayarin. Japan tana da nata abin mamaki: ƙasar masu sitiyarin dama ce, amma Marsandi da yawa da aka sayar a can na hagu ne.

Na uku hanya. Ga ɗan Katsina, Jibiya tana nan kusa, ga ɗan Daura kuma Kongolam, kuma kowa ya san wanda zai ce zai kawo ta daga Kwatano ta Maraɗi a rabin kuɗi. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Corolla tana iya ɓacewa cikin dubban irinta, amma jar mota mai buɗaɗɗen rufi a kan titin Ƙofar Ƙaura kowa zai juyo ya kalla, har da jami'an sintiri. Ta tashar jiragen ruwa za ta zo.

Wace mota ce Katsina za ta iya riƙewa

Mai saye zai iya ambaton Rolls-Royce Corniche ko Jaguar XJS. Ka saurare shi da ladabi, sannan ka gaya masa gaskiya. Birkin Corniche yana aiki da haidrolik mai matsin gaske, kuma samfurin farko da na baya ba ruwa iri ɗaya suke sha ba. Yaron gareji ya zuba wanda ba shi ba, robobin tsarin duka sun tafi. XJS mai silinda 12 kuma ba ta jure zafi, ga mu da watan Afrilu da Mayu inda zafi ke haura digiri 40. Marsandi SL ta 1989 zuwa 2001, wadda ake kira R129, tana da daɗin tuƙi, amma rufinta yana aiki da silindodin haidrolik fiye da goma waɗanda kan fara yoyo ɗaya bayan ɗaya, kuma na farkon shekarun 1990 suna da wayoyin injin da rigarsu ke rugurgujewa. Ta 1963 zuwa 1971, wato 230SL, 250SL da 280SL, kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai kuɗinta ya ninka sau da yawa.

Abin da ya rage shi ne SL ta 1971 zuwa 1989, mai lambar ƙira R107. An ƙera fiye da 237,000, yawancinsu aka kai Amurka, don haka akwai zaɓi kuma akwai kayan gyara. Rufin tamfal ɗinta da hannu ake naɗe shi, babu famfo babu injin lantarki, kuma tana zuwa da rufin ƙarfe da ake ɗorawa a cire. A cikin danginta, biyu ne suka fi dacewa da mu. 560SL ta 1986 zuwa 1989 tana da injin silinda 8 mai lita 5.6, irin na 560SEL. 300SL ta Turai, daga 1985 zuwa 1989, tana da injin silinda 6 mai lita 3, wanda shi ne a cikin bi-but 300E, kuma duk tsohon bakaniken Marsandi a Katsina ko Kano ya san shi ciki da waje. Ana samun kayansa har a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A ganinmu ita ce zaɓin mai hankali, ko da yake mai son ruri da ƙarfi 560 zai nuna.

Waɗanda za a yi hattara da su: 380SL ta Amurka daga 1981 zuwa 1983 ta fito da sarƙar injin mai layi ɗaya wadda ke saurin miƙewa, sai an tabbatar an mayar da ita mai layi biyu. 450SL ta Amurka ta 1975 da 1976 tana da tukunyar tace hayaƙi a cikin ɗakin injin, tana dafa mai a bututu har motar ta ƙi tashi idan ta yi zafi. Na farkon shekarun 1970 kuma tsarin feshin mansu na lantarki ne na dā, wanda samun mai gyaransa a Arewa aiki ne.

Yarjejeniya da mai saye

A rubuta, da shaidu biyu. A faɗi samfuri, launi, iyakar kuɗin saye da dala, la'adarka, da cewa kuɗin duba motocin da aka ƙi ɗauka yana kan mai saye, domin da wuya ta farko ta zama ita ce. A faɗi wanda zai ɗauki bambancin canji idan naira ta motsa tsakanin ranar saye da ranar fito. Motar da dukan takardunta su kasance da sunansa, daidai da yadda yake a lambarsa ta biyan haraji. Ka nemi ya ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin motar don gyaran shekarar farko, komai kyanta. Kuma kada ka yi alkawarin rana. "Ranka ya daɗe, wata huɗu zuwa shida" ita ce amsar gaskiya. Wanda ke son ta fito a Ƙaramar Sallah ya fara tun watan Maulidi.

Inda ake nema

A Amurka akwai gwanjon intanet na Bring a Trailer, inda ake saka hotuna da yawa kuma masana ke tona aibin mota a fili, mai saye yana biyan kashi 5 cikin ɗari a kan farashi har zuwa wani iyaka. Akwai tallace-tallacen Hemmings. A Jamus akwai mobile.de. Copart da IAAI, inda dillalanmu suka saba, wuraren motocin haɗari da ambaliya ne. Wanda ke neman mota tsaf ba shi da abin yi a can.

Inda motar ta zauna ya fi yawan tafiyarta muhimmanci. Jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, irin su Niyok, Mishigan da Ohayo, suna cin ƙarfe daga ƙasa. Kalifoniya da Arizona suna barin ƙarfe lafiya amma rana tana fasa dashbod da kujeru da robobi. Na biyun ya fi sauƙi: fata da roba ana saya a canza, tsatsar cikin bodi kuwa sai an yanka an yi walda. Motar gaɓar Tekas ko Fulorida a binciki tarihin ambaliya.

Turawa suna da ma'aunin daraja. Na Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci a Amurka, daga 1 zuwa 4 ne, na Jamus daga 1 zuwa 5, kuma 1 ita ce ta baje koli wadda ba a cika hawa ba. Lamba 2 ake nema. Biyan kuɗin lamba 1 don motar da za ta sha ƙurar hunturu asara ce, lamba 3 kuma za ta zo da aikin da ba lallai a iya yi a nan ba.

Dubawa, inda kuɗin yake

Kada a saya da hoto. A ɗauki gareji mai zaman kansa wanda ya san tsofaffin Marsandi, wanda kai ka zaɓa ba mai sayarwa ba, a biya shi 'yan ɗaruruwan dala, a ba shi jerin abin da ake so a rubuce.

A fara da lambar shasi. Daga 1981 haruffa da lambobi 17 ne, babu I, O ko Q a ciki. Ta 560SL ta Amurka tana farawa da WDBBA48D. Ta jikin mota, ta farantin ƙofa da ta takardar mallaka su zama ɗaya. Rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax yana aiki ne da masu 17 kawai, kuma abin da aka kai rahotonsa kaɗai yake nunawa. Marsandi tana riƙe da katin bayanan kowace mota daga masana'anta, mai nuna asalin launi, kujeru da lambar injin. A nemi mai sayarwa ya kawo shi. Agogon tafiya kada a yarda da shi shi kaɗai, domin ƙananan haƙoran robar da ke juya shi suna karyewa, mota ta yi shekaru tana tafiya lamba a tsaye. Rasit ɗin gareji masu kwanan wata da adadin mil su ne shaida. A tuna kuma mil 100,000 kilomita 160,000 ne.

Sai tsatsa. Muguwar wadda ke kashe R107 ba a ganinta daga waje. A gindin gilashin gaba, ta cikin ɗakin injin, akwai murfin roba da ke rufe fankar hita. A kwance sukurorinsa a haska tocila. Idan magudanan wurin sun toshe da ganye, ruwa yana kwanciya ya huda bangon da ya raba injin da direba, kuma gyaransa sai an fitar da dashbod gaba ɗaya. Alamarsa daga ciki ita ce kafet mai danshi ko wari a wurin ƙafa, don haka a ɗaga kafet a ga ƙarfen. Mai sayarwa da ya ƙi a buɗe murfin nan ya riga ya ba ka amsa. Daga nan a duba ramukan jak guda huɗu, ƙasan ƙofofi, saman fitilun gaba, bakin tayoyin baya, ramin safaya a but, akwatin da rufin tamfal ke kwanciya, da gefen ƙasan rufin ƙarfe. A ɗaga motar a duba gadon ƙarfen da ke ɗauke da injin, kusa da inda hannuwan ƙafar gaba suke kamawa. A masu silinda 8 na shekarun 1970 wurin yana tsagewa, har kamfanin ya yi kiran gyara a kai.

Fenti a auna shi da na'ura a kowane fanni. Na masana'anta yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180. Ya haura 300, an sake fesawa. Ya doshi 1,000, foti ne a ƙasa. Sake fenti ba laifi ba ne a motar da ta kai wannan shekaru, amma ɓoye shi laifi ne, kuma yana rage farashi.

Injin a tashe shi da sanyi, bayan ya kwana, mai dubawa yana ɗaukar bidiyo. A masu silinda 8, ƙarar sarƙa ta daƙiƙa biyu ko uku a tashin farko gargaɗi ne. Sarƙar tana gudu a kan madogaran roba waɗanda shekaru ke mayarwa ruwan ƙasa kamar shayi, su yi gautsi. Ɗaya ya karye ya faɗa tsakanin sarƙa da haƙori, sarƙa ta yi tsalle, fistin ya daki bawul, injin ya tashi aiki. Ana canza sarƙa, madogaran sama da abin ɗaure ta wajen mil 100,000, robobin kuma ko ba a kai haka ba idan sun tsufa. In babu rasit, ka ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗinsa daga farashi. A auna matsin kowace silinda, bambanci kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Allurar matsin baƙin mai ta haye 3 da zarar an taka totur. Allurar zafi ta zauna tsakanin digiri 80 da 90 a tafiya. A bar motar a tsaye minti 20 da iyakwandishan a kunne a ga ko za ta haura 100 ta ci gaba da hawa. Motar da ke zafi a Jamus ba za ta kai Ƙofar Soro ba a watan Afrilu. A 300SL a duba yoyon baƙin mai a bayan kan injin, inda gasket ke fara sakewa.

Giya ta shiga gaba da baya ba tare da dogon jinkiri ko duka ba, man ta ja ne ba mai warin ƙuna ba. A cire rufin ƙarfe, mutum biyu, domin ya kai kilo 40, a ɗaga na tamfal a ga ya kama ko'ina kuma tagar robarsa ba ta dushe ba. Mutane da yawa ba su taɓa cire rufin ƙarfen ba a shekara goma, sai a tarar na tamfal ya ƙanƙance ya ƙi kaiwa. Hannuwan buɗe rufin guda biyu su kasance a cikin motar. Tayoyi a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu, mako da shekara ne. Idan uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000.

Biya da takardun fita

'Yan damfara suna kwafe hotunan mota ta gaske su saka da farashi mai sauƙi. Ka nemi kiran bidiyo, mai sayarwa yana tsaye gefen motar, ya nuna lambar shasi da takardar mallaka. Sunan da ke takardar, sunan mai asusun banki da sunan mai magana su zama ɗaya. Idan aka aiko saƙo cewa an canza asusu, a tsaya a kira lambar da aka sani tun farko. Ga mutumin da ba dillali sananne ba, a bi ta kamfanin riƙon amana irin Escrow.com, wanda ke riƙe kuɗi har motar ta shiga hannun mai ɗauka. Kuɗin ya fita ta banki daga asusun dala, don shaidar biyan za ta yi amfani a gaban kwastan.

Takardar mallaka ta asali ce ake so, wadda babu bashin banki a kanta kuma babu hatimin haɗari ko ambaliya. Dokar Amurka ta ce a gabatar da ita ga kwastan ɗinsu aƙalla awa 72 kafin motar ta fita, kuma kamfanin jigila ya shigar da bayanan fitarwa ya karɓo lamba. Ta ɓangarenmu, ejan ya gama abin da ake buƙata na Fom M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, da rajistar motoci ta ƙasa, wato VREG, tun motar ba ta hau ruwa ba. Inshorar teku a yi ta da kamfanin Najeriya kamar yadda doka ta tanada, mai rufe kowace irin ɓarna ba nutsewar jirgi kaɗai ba, a kan cikakken kuɗin mota da jigila.

Kwantena

Jirgin da ake tuƙa motoci a shiga da su ya fi arha, kuma shi yawancin motocin Legas ke hawa. Ga wannan mota bai dace ba: makulli yana hannun direbobin tasha, ba a yarda a bar kaya a ciki ba, kuma alamar bonet da rediyon asali suna da ƙafa. Kwantenar haɗaka, inda ake rataye motoci uku ko huɗu a kan katako, ita ma a guje ta, domin matsalar takardar motar wani za ta riƙe taka. Kwantena mai ƙafa 20 ita kaɗai. Tsawon cikinta kusan mita 5.9 ne, motar kuma ba ta kai 4.6 ba, don haka akwai wurin akwatin kayan gyara.

A ɗora rufin ƙarfe a kulle, na tamfal yana naɗe a akwatinsa da tawul a lanƙwasar tagar. Mai a tanki kada ya wuce kwata, a cire kan batir. A ɗaure ta tayoyi huɗu da ɗamara, a kafa katako gaba da bayan kowace taya. Ɗauri a hannun ƙafa ko a bamba yana lanƙwasa su. A saka jakunkunan tsotse danshi a cikin mota da cikin kwantena, a sauke gilashi kamar faɗin yatsa, in ba haka ba fata za ta iso da fumfuna. A ɗauki hoton kowane gefe da lambar hatimin ƙofa. Daga tashar Baltimo ko Sabana a Amurka, ko Antwaf a Beljiyam, tafiyar ruwa takan ɗauki mako uku zuwa shida. Motar Kalifoniya gara a ɗauko ta a rufaffiyar tirela zuwa gaɓar gabas.

Cikin akwatin kayan gyara a saka matatun mai da na iska da na baƙin mai guda uku-uku, fanbel duka, bututun ruwa, famfon ruwa, famfon mai (560SL biyu gare ta), filogi da wayoyinsu, murfin distiributa, kayan sarƙa idan ba a canza ba, da robobin ƙofa da na rufi. Kowane abu a rubuta shi a takardar kaya da kuɗinsa. Kayan da ba a bayyana ba su ne ke jawo tara. Kafin a fitar da takardar lodin jirgi ta ƙarshe, ka karanta lambar shasi harafi-harafi. Gyaran kuskure ɗaya bayan jirgi ya iso yana cin makonni, kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Legas

Kuɗin fito ana lissafa shi a kan darajar mota haɗe da jigila da inshora, da canjin dalar da kwastan ke amfani da shi a ranar. Ga misali da ƙa'idar da aka sa a 2022 ta kashi 20 na fito da kashi 15 na harajin motoci: idan jimillar ta kama dala 30,000, fito 6,000 ne, haraji 4,500, sai harajin kaya na kashi 7.5 a kan duka, kusan 3,000. Wato wajen 13,500 kafin ƙananan caji, kuɗin tasha, na kamfanin jirgi da na ejan. Ƙa'idojin suna canzawa, don haka ejan ya kawo lissafin ranar a rubuce. Kwastan ba dole ne su karɓi farashin rasit ɗinka ba, suna da nasu ƙiyasin. Shaidar gwanjo da ta banki su ne abin kare kai. Motar da lambar shasinta ba ta bi tsarin 17 ba, kamar duk ta kafin 1981, tana bin wata hanyar ƙiyasi dabam wadda ta fi ɗaukar lokaci.

Ranar buɗe kwantena a tashar Tin Kan ko ta Apapa, kai ko amintaccenka ku kasance a wurin da sabon batir mai bolt 12 da katakon gangara. Kada a bari a tashe ta da batirin babbar mota, kada kuma a juya kan waya. Akwatin sarrafa mai yana ƙonewa nan take. A 560SL batirin yana cikin but. Duk wata ɓarna a ɗauki hotonta kafin motar ta motsa, a sa jami'in tasha ya rubuta, in ba haka ba inshora ba za ta biya ba. Kafin a bar Legas a haɗa takardar bayyana kaya, ta ƙiyasi, rasit ɗin banki da takardar fita, a yi kwafi uku.

Zuwa gida

Fiye da kilomita 1,000 ne, kuma ba a tuƙa ta. Tsofaffin tayoyi da bututun da suka yi shekaru suna hutawa ba za su jure ba. A ɗauki motar ɗaukar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, rufaffiya in an samu. Idan buɗaɗɗiya ce, kada a lulluɓe da tamfal, domin iska za ta riƙa kaɗa shi yana goge fenti da ƙura har ya ci. Gara ta iso da datti a wanke. Hancinta dogo ne kuma ƙasa-ƙasa, a ƙara katako a gangara lokacin hawa da sauka. Direba ya yi tafiyar rana, ya kwana a wurin da aka sani, mutum ɗaya naka yana tare da shi riƙe da kwafin takardu saboda shingayen kwastan, asalin kuma suna wurinka.

Makonnin farko a Katsina

Kada a kai ta ƙofar gidan mai ita ranar da ta iso, komai matsin da ya yi. Gareji za ta fara zuwa. A zubar da tsohon mai, a canza matata, a canza baƙin mai (560SL tana shan kusan lita 8), man giya da matatarsa, ruwan birki, da duk bututun roba na mai, domin tsarin yana aiki da matsi mai ƙarfi kuma bututu ɗaya da ya tsage kusa da salansa gobara ce. Lagireto a wanke ko a canza; wuyan robarsa na sama yana karyewa ba gargaɗi. A zuba ruwan sanyaya injin rabi da rabi da tataccen ruwa, ban da ruwan rijiya ko na burtsatse mai barin gishiri. Kada a bar bakanike ya cire abin daidaita zafin ruwa kamar yadda aka saba yi a nan, domin a wannan injin cire shi yana sa ruwa ya riƙa kewayawa ba tare da ya bi lagireto sosai ba. A gwada kulocin fanka da fankar lantarki ta gaba. Tayoyin 560SL 205/65 R15 ne, a sa sababbi huɗu da safaya.

Iyakwandishan ɗinta an yi shi ne da tsohon gas R12. Mayar da shi R134a yana buƙatar wanke bututu, canza mai, robobi da tulun busarwa. Ɗura sabon gas a kan tsohon mai yana kashe kwamfuresa.

Fetur a saya a gidan mai guda ɗaya da aka yarda da shi, ban da na bumburutu. Mai raba man wannan mota yana da ramuka sirara ƙwarai, ruwa ko datti kaɗan yana sa shi tsatsa ya maƙale, kuma ba abin da ake buɗewa a gyara a gindin bishiya ba ne. Idan injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da aka taka totur, man bai kai ƙarfin da yake so ba, a ja lokacin wuta baya kaɗan.

Rajista a ofishin harajin jiha da takardun kwastan na asali, a karɓi lamba, takardar shaidar mallaka da ta lafiyar mota. Inshorar dole ba ta biyan ko madubi, don haka a nemi cikakkiya wadda aka amince da darajar motar a rubuce tun farko.

Ranar miƙa makulli, ka zauna da direban gidan awa guda. Ya koyi naɗe rufi da ɗaga shi, kuma kada ya naɗe shi da sanyin safiyar hunturu lokacin da tagar roba ta ƙage, ko yana jiƙe da damina. Ƙura a zuba mata ruwa ta sauka kafin tsumma ya taɓa fenti. Fata a shafa mata mai sau biyu a lokacin hunturu. Tudun rage gudu a hau shi a karkace, a hankali. Motar ta kwana a rufaffen gareji da tarkon ɓera, domin ɓera yana son wayoyin bayan dashbod. Sau ɗaya a mako a fita da ita kilomita 20 zuwa 30, ko da kan hanyar Daura ce a juyo, har injin da giya su yi zafi sosai. Tayar da ita a tsaye na minti biyar yana tara ruwa a salansa ne kawai. Bayan kowane ruwan sama na farkon damina kuma a ɗaga kafet ɗin gaba a taɓa ƙarfen da hannu.